Zariyar Ciki

Ni ce Nélida, mai kifi a bakin tekun Valparaíso.
Gidana can saman tudu, matakala ɗari da sittin da uku.
Na ƙirga su da cikin Hernán, na ƙirga su da cikin tagwaye,
na ƙirga su da kwandon kifi a kafaɗa.
Ashe su ma suna ƙirga ni.
Na gane ran da na yi atishawa a tsakiyar hanya.

Ɗigo ne, ko cokali ba zai cika ba,
amma ya isa ya jiƙa mutuncin mace.
Na koma baƙin siket, zafi da sanyi.
Na haddace kowane banɗaki daga tasha zuwa kasuwa.
Na rage shayi, na rage ruwa,
daga ƙarshe na rage dariya.

Wannan ta fi ciwo.
Ni da ake jin muryata har cikin jiragen masunta,
in Zulema ta fara kwaikwayon minsharin mijinta
sai in sunkuya ina kankare kifi, leɓe a cije.
Suka ce Nélida ta tsufa, ta zama mai ɗaure fuska.
Shekara shida ina zaune a kan gaskiya.

Ran Talata, asibitin unguwa, ɗaki mai koren labule.
Yarinya ce sa'ar tagwayena, sunanta Fresia.
Na faɗa mata, idona a kan takalmina.
Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ke ce ta huɗu yau.
Akwai tsoka shimfiɗe ƙasan mararki kamar koma,
ita ke tallafe da mafitsara.
Haihuwa ta ja ta, kwando ya ja ta, shekaru sun ƙarasa.
Tsoka kuwa tana jin magana,
za ki koya mata ɗaurewa kamar zariya.

Matse, kamar mai tsare iska a coci ran Lahadi."
Na fashe, na jiƙa takardar gadonta.
Ta ce, "Dama don haka aka shimfiɗa ta.
Bar ɗuwawu, bar ciki, kada ki riƙe numfashi.
Ɗaga sama sannu, kamar akwatin ƙarfen nan mai hawa tudunku.
Tsaya. Ƙirga biyar. Sauke shi sannu,
sakin ma aiki ne.
Goma-goma, sau uku a rana.
Kafin tari, kafin ki cicciɓi kaya, ki fara ja.
Kuma kada ki kawo mini ƙorafi gobe,
wata uku ne farkon tafiya."

Sati biyu, shiru.
A na biyar na yi fashin kwana huɗu, na tsawata wa kaina.
Ina yi a layin burodi, ina yi ina wanke sikeli,
ina yi mai saye yana taya kifi.
Shi ya ɗauka farashi nake aunawa,
ni kuwa biyar nake ƙirgawa a zuciya.

Ba zan ce an gama ba.
In mura ta kama ni, har yau ina sa auduga.
Amma jiya Zulema ta zame a kan ƙanƙara,
ta faɗa zaune cikin kwandon ƙaguwa.
Na ja, na riƙe, na saki murya
har tsuntsayen teku suka watse daga rufin kwano.
Na shafa siket. A bushe.

Zulema, ƙaguwa maƙale a rigarta, ta ce,
"Ke, ina kika shiga duk shekarun nan?"
Na miƙa mata hannu, na ce, "Tashi tukuna.
Ran Talata ki sa takalmin fita.
Na daɗe ina ganin in kin yi tari
yadda kike haɗe cinya."